Rabin Galan ko Galan Biyar

Safiyar Lahadi aka tarar da shanun Doña Erminda goma sha huɗu a kwance bayan shingenta, cikinsu ya kumbura, kumfa ta bushe a bakinsu. Ranar Asabar aka yi musu wankan kaska a ramin ƙungiyar makiyaya. Su ne garken farko da ya shiga, su ne kuma na ƙarshe, don kafin rana ta take an ga sun fara tangaɗi, aka tsayar da wankan.

Ni ne Baudilio Tumay. Shekara arba'in ina bin sawu a ƙauyenmu, Paso del Venado. In saniya ta ɓace, ni ake kira. In damisa ta ɗauki maraƙi, ni ake kira. Amma ba a taɓa kira na in bi sawun abin da ke kwance a gabana ba, na kuwa faɗa wa Erminda haka.

"Ba shanu na ce ka nemo mini ba," in ji ta. "Wanda ya kashe su na ce. Ashirin da biyu marigayi mijina ya bar mini, Baudilio. Dubi abin da ya rage."

Ita ta riƙe 'yata a coci ranar baftisma, don haka babu damar in ce a'a. Na sa hula, na nufi ramin wanka.

Ko da na isa, rabin ƙauyen ya riga ni. Maza, mata, babura, karnuka, kowa ya zo ya tsaya daidai inda bai kamata ba. Duk sawun da ƙasa ta ajiye mini sun tattake shi, sannan suka juyo suna tambayata me na gani.

"Na ga ƙafafunku," na ce. "Ku matsa."

Ba su ma buƙace ni ba, don sun gama shari'arsu. Yorbis Carrasquel ne ke haɗa maganin wanka. Shekara shida da suka wuce ya tsallako daga Venezuela da matarsa da 'ya'ya biyu, har yau kuma "baƙon nan" ake ce masa. Wasu suka ce ganganci ya yi. Wasu suka ce Don Aquilino ne ya saye shi, tunda shekara tara Aquilino da Erminda suna rigima a kan wani tafki da ke tsakanin filayensu. Sufeton 'yan sanda zai zo ranar Talata, amma tun ranar Asabar da yamma aka fara jifan kwanon gidan Yorbis da duwatsu.

*

Na same shi zaune a bakin ƙofa. Daga ciki ina jin matarsa tana ɗaure kaya.

"Nawa ka zuba?" na tambaye shi.

"Galan biyar, Don Baudilio."

"Biyar? Kai kuwa da hankalinka?"

"Abin da takarda ta ce ke nan. Lita ashirin da biyar."

Yadda ake yi shi ne, in ruwan ramin ya ragu sai tarakta ta ƙaro da tanki. A ofis a rubuta yawan tankunan a wani shafin intanet da ƙungiya ke amfani da shi, shafin ya faɗi maganin da za a ƙara, a buga a takarda, a soke ta a ƙusa cikin rumfar ramin. Yorbis ya zo da safe ya cire, ya karanta, ya zuba, ya mayar.

"Ba ka ga ya yi yawa ba?"

"Na gani. Amma sabon magani ne, ranar ce farkon buɗe shi. Na tare shugaban ƙungiya a hanya, na ce Don Gratiniano, anya kuwa? Ko tsayar da babur bai yi ba. Ya ce, 'Bi takarda, na'ura ba ta kuskure.' Ni wa ne ni da zan yi gardama da shugaba da na'ura a rana ɗaya?"

"Takardar da ke ƙusa rabin galan ta ce. Lita biyu da rabi. Kowa ya gani."

Ya ɗago ido ya dube ni. "Na iya karatu, Don Baudilio. Makaranta nake koyarwa kafin in zo nan wanke shanun mutane."

Ban san haka ba. Shekara shida, babu wanda ya tambaye shi, har da ni.

*

Don Gratiniano Cuevas, shugaban ƙungiya, yana cikin ragar lilo a barandarsa. Shi ya kawo mana shafin nan shekara biyu da suka wuce, kuma tun daga ranar babu taron da zai tashi bai yi mana wa'azin zamani ba. Ya sa aka kawo mini kofi da soyayyar ayaba.

"Abin tausayi ne," ya ce. "Gaskiya ne ya tare ni, na kuma ce ya bi takarda. To me takarda ta ce? Rabi. Mutum ya ga biyu da rabi ya karanta ashirin da biyar, laifin wa?"

"Wa ya buga takardar?"

"Marleny sakatariya mana. Aikinta ne."

"An ce tun Alhamis ta kai mahaifiyarta asibiti a birnin Yopal."

"To, ta buga kafin ta tafi, ko kuma Aquilino. Mu uku ke da makullin ofis." Ya sassauta murya. "Ni ban ce komai ba fa, amma ka san Aquilino da maganar tafkin nan."

Wannan "ban ce komai ba" na ji ta daga baki bakwai a ranar, kuma kowane baki sai da ya ce komai.

*

Na koma ramin da la'asar bayan 'yan kallo sun watse. Ta baya, inda ciyawa ta hana su bi, na sami sawun takalmin roba mai faci a diddigen hagu, da sawun doki a gefensa. An sauka har bakin ruwa, an ajiye bokiti, an koma. Na bi shi ta kurmi, na tsallake rafi, ƙaya ta yaga mini riga, tururuwa ta cika mini takalmi. Awa ɗaya da rabi, ya kai ni ƙofar Don Aquilino, ma'ajin ƙungiya.

"Me ka je yi ramin wanka ta baya?" na tambaye shi.

"Wa ya ce na je?"

"Facin takalminka."

Ya dubi ƙafarsa, ya yi tsaki. Sai da muka yi ta kai da kawo kafin ya furta. Ranar Juma'a da yamma ya ɗebi bokiti biyu ya wanke dokinsa a ɓoye, saboda dokar ƙungiya ta hana ɗiban ruwan ramin, kuma shi ya kawo dokar.

"Don wannan ka bar ni na sha ƙaya?"

"Wa ya aike ka? Ga dokin can, lafiyarsa ƙalau. Ni da Erminda rigimar tafki muke yi, ba ta kai ga kisan dabba ba. Saniyar da ta mutu ma, mai farin goshin nan, 'yar bijimina ce."

"Kai ka buga takardar?"

Ya yi dariya har da tari. "Ni? Ranar da na taɓa linzamin kwamfutar nan sai da Marleny ta yi kwana biyu tana gyara. Amma akwai mutum a ofis ranar Juma'ar. Na ji ihun wasan kayar da bijimai yana fitowa ta taga."

Wannan bai rage mini kowa ba. A ƙauyenmu ko jariri ya ji ihun wasan nan sai ya juya kai. Abin da na samu kawai shi ne, ruwan lafiya yake ranar Juma'a, Aquilino kuma ɓarawon bokiti biyu ne.

*

Litinin da safe na shiga rumfar na zare takardun duka daga ƙusa. Karatuna ba mai nisa ba ne, amma na iya duba abu. Kowace takarda tana da tabon babban yatsa a gefenta, rawaya-rawaya, inda Yorbis ya kama ta da hannun magani ya mayar. Ashirin da shida, duka da tabo. Ta ranar Asabar fes take, kamar yanzu ta fito daga na'ura.

Marleny Achagua, sakatariya, ta sauka daga motar Yopal da hantsi, idanunta jajur don rashin barci. Tun a mota aka ba ta labarin cewa ita ma ana zarginta.

"Ni? Ruwan ma ranar Juma'a aka ƙaro shi, ina can ina riƙe da robar ƙarin ruwan mama. Da me zan buga? Da duba?"

Na shimfiɗa mata takardun a tebur. Ta ɗauki ta Asabar, ta duba, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Wannan ba daga wajena ta fito ba. Kawu, dubi nan. Me ka gani tsakanin biyu da biyar?"

"Kashin ƙuda."

"Ɗigo ne. Yanzu dubi sauran. Uku da rabi, ɗaya da rabi, duk waƙafi ne, mai ɗan jela. Mu nan da waƙafi muke rubuta rabi, tun firamare."

"To sai me? Ɗigo ko waƙafi, ba duk biyu da rabi ba ne?"

Ta ja numfashi irin na wadda ta gaji da bayani tun kafin ta fara. Ta kunna kwamfutar. Ta nuna mini alamomi biyu a fuskarta, ɗaya koriya, ɗaya ruwan goro. Ta ce kowacce burauza ce, ƙofar da ake bi a shiga intanet, kuma ta kowacce aka bi shafi ɗaya ake tararwa.

Ta buɗe koriyar, ta rubuta tanki 2,5. Shafin ya ce lita 2,5.

Ta buɗe ta ruwan goro, shafin nan dai, akwatin nan dai. Ta danna biyu, ta danna waƙafi, ta danna biyar. Ina kallo. Waƙafin bai fito ba. Ba ƙara, ba jan rubutu, ba komai. Akwatin ya nuna 25, shafin ya ce lita 25.

Na matso kusa. "Sake."

Ta sake. Lita ashirin da biyar. Galan biyar.

"Ina waƙafin ya tafi?"

"Ta haɗiye shi. Ita ɗigo kawai ta sani, irin na Turawan arewa. In ka ba ta ɗigo ta karɓa, ta kuma buga maka da ɗigo. A wayata ma wani salon ne daban, dubu biyu da ɗari biyar sai ta fito ba ɗigo ba waƙafi. Shafi ɗaya, kawu, fuska uku."

"Kin faɗa wa wani?"

"Sau uku na rubuta wa masu shafin. Sun ce sun gode da na tuntuɓe su. Na faɗa a taro, shugaba ya ce kada in tsorata mutane da ƙananan abubuwa. Na manna takarda a nan cewa kada a buɗe ta ruwan goro, zafi ya ɓamɓare ta."

"Me ya sa ba ki goge ta ba?"

"Saboda a ita kaɗai wasan bijimai ke fitowa ba ya tsinkewa. Na taɓa gogewa, maza shida suka zo har gida."

Shekara arba'in ina bin damisa da ɓarayin shanu, ga shi an wayi gari ina tsugune gaban akwati ina neman jelar waƙafi. Na ce mata kada ta gaya wa kowa, ta kuma aika a ce akwai taro da ƙarfe huɗu.

*

Ofishin ɗaki ɗaya ne, sai ya cika har taga. Erminda ta zauna a gaba, hannu a ƙirji. Aquilino ya zaɓi kusurwar da ta fi nisa da ita. Yorbis ya tsaya a bakin ƙofa, babu wanda ya matsa masa. Gratiniano ya buɗe taro da jawabin haɗin kai, na bar shi ya yi minti biyar, na katse shi.

"Takardar da ke ƙusa ba ita Yorbis ya karanta ba," na ce. "An canza ta."

Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce an saye ni. Wata ta ce dama tsufa ya fara taɓa ni. Na ɗaga takardun na nuna musu tabon yatsa, suka yi shiru rabi-rabi.

"Mutum uku ke da makulli. Sufeto zai zo gobe, zai so ya san wa ya iya buga takarda a cikinsu, wa bai iya ba. Kowa ya zauna ya buga mana ta tanki biyu da rabi. Marleny ta ƙarshe, tunda ita mun san ta iya."

Aquilino ya fara. Ya kama linzamin kamar wanda aka miƙa wa kunama, ya tura shi har ya faɗo daga tebur. Aka yi dariya, Erminda ma sai da ta kau da kai.

"Tashi, Aquilino, kada ka fasa mana kayan ƙungiya," in ji Gratiniano. Ya gyara hula, ya zauna. "Wannan ai ba wani abu ba ne."

Hannunsa ya tafi kai tsaye kan ta ruwan goro. Ya buɗe shafin, ya danna biyu, ya danna ɗigo, ya danna biyar. Na'ura ta turo takarda. Ya miƙo mini yana murmushi.

"Lita biyu da rabi. Ka gani? Na'ura ba ta kuskure."

Na ajiye ta kusa da ta ranar Asabar. Kamar tagwaye.

"Don Gratiniano, kai ka rubuta sanarwar da ke bango, ko? Gishirin shanu, buhu ɗaya da rabi."

"Ni ne."

"Waƙafi ka sa a can. Aji ɗaya muka yi da kai, waƙafi aka koya mana. Wa ya koya maka ɗigo?"

Na juya wajen Marleny.

"Marleny, nuna musu."

Ta sunkuyo ta kan kafaɗarsa, ta goge, ta rubuta biyu, waƙafi, biyar, a hankali yadda kowa zai gani. Ashirin da biyar ta fito a fuskar kwamfutar. Na ji wata mata a baya ta ce, "Wayyo Allah."

"Duk ƙauyen nan," na ce, "mutum biyu suka san wannan ƙofar ɗigo take so. Marleny, da ta yi shekara tana faɗa ba a ji. Sai wanda ya riga ya sa mata waƙafi sau ɗaya, ya ga abin da ya biyo baya."

Gratiniano ya cire hula. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Na zo kallon wasa ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Direban tarakta ya leƙo ya ce biyu da rabi. Na ce bari in rage wa yarinyar nan aiki. Na rubuta daidai, wallahi daidai na rubuta. Ana tsakiyar zagayen ƙarshe, ban duba abin da ya fito ba."

"Wannan na yarda," in ji Erminda. Ta miƙe. "Wannan da ka zo ka faɗa mini, da na zage ka, na yi kuka, shi ke nan. Ranar Asabar fa? Da kana tsaye a shingena kana ce mini 'yar'uwa ki yi haƙuri, baƙon nan ne?"

"Na duba aljihun tebur na ga kwafin, na gane, sai na buga wata na canza ta ƙusa. Na ji tsoro, Erminda. Ni na kawo shafin nan. Na ce shi ba ɗan nan ba ne, ko ya tafi zai sami wani wuri..."

"'Ya'yansa biyu suna ƙarƙashin gado ana jifan kwano," in ji Marleny.

Sai ga mutanen da suka yi kwana biyu suna neman kan Yorbis sun juya suna neman na Gratiniano, da murya ɗaya, da zafi ɗaya. Wanda ya ce an saye ni shi ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa shi dama tun farko jikinsa ya ba shi. Na ce duk wanda ya ɗaga dutse yau, zan bi sawunsa har gadonsa in kai wa sufeto. Suka fita suna gunaguni.

*

Sufeto ya zo ranar Talata, ya yi awa biyu Marleny tana nuna masa waƙafi yana ɓacewa, yana cewa a sake. Ya gwada a wayarsa, ta ba shi wani abu na huɗu, ya yi ashar. Ya tafi da Gratiniano da takardun. Kafin dare aka sasanta cewa Gratiniano zai biya Erminda shanu goma sha huɗu daga garkensa, Erminda ta ce ita za ta zaɓa, Aquilino kuma ya raka ta don kada a ba ta tsofaffi. A hanya suka ci gaba da rigimar tafki.

Marleny ta rubuta wa masu shafin karo na huɗu, da hoton shanun. Bayan kwana goma suka amso cewa a wajensu komai yana aiki daidai, ta gwada kashe kwamfutar ta kunna.

Ranar Laraba, washegarin zuwan sufeto, na bi ta gidan Yorbis. Kayan suna nan a ɗaure a tsakar gida, motar da zai bi kuma ta ƙarfe biyu ce. Mutane sun yi ta wucewa suna gaishe shi da fara'a, babu wanda ya tsaya.

"An wanke ka," na ce. "Ina kuma za ka?"

"An wanke ni wannan karon, Don Baudilio."

Muna tsaye sai ga Erminda, ta sha baƙar hula, tana tafe kamar mai zuwa faɗa. Ba ta gaishe mu ba. Ta dubi kayan, ta dubi kwanon da duwatsu suka lotsa.

"Dutse na biyu ni na jefa," ta ce. "Na farko bai kai ba."

Yorbis ya ɗaga kai ya dubi kwanon. Matarsa ta fito ta tsaya a bayansa.

"Ban iya ba da haƙuri ba," in ji Erminda. "Marigayi ma ya mutu bai ji daga bakina ba. Amma Asabar za a kawo mini shanu goma sha huɗu cike da kaskar Gratiniano, kuma babu mai haɗa musu magani sai wanda ya ga lamba ya ce anya kuwa. In takarda ta sake yi maka wani iri, ka yaga ta, ka zo ka faɗa mini. Ni zan ji da shugaba da na'urar."

"Ba ni kaɗai zan yanke ba, Doña," in ji Yorbis, ya waiwayi matarsa.

Matar ta dubi Erminda. Sannan ta ce, "Kwanon yana yoyo ta wajen gadon yara."

"Na sani. Baudilio zai hau ya gyara."

"Ni?" na ce. "Da wannan gwiwar?"

"Kai mana. Wa ka ga yana tsaye ba aikin yi?"

Ta sunkuya ta ɗauki ƙullin da ya fi girma, ta raɓa ta gefen Yorbis ta shige ɗakin da shi. Daga ciki muka ji muryarta tana tambaya a ina tukwane suke zama. Ni kuwa na tafi neman tsani.